Karatun zanen gine-gine: a ƙirga teburan zane kafin a ɗebi ɗalibai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da iyaye da ɗalibai na jihohin Bauchi da Gombe, da shugabannin manyan makarantunmu, a kan karatun zanen gine-gine. Duk shekara idan JAMB ta fara sayar da fom, yara da dama kan zaɓi wannan fanni don burin zama akitek, wato ƙwararren mai zanen gini, amma kaɗan ne suka san makarantar da aka sahale wa koyar da shi, da shekarun da hanyar ke ci, da abin da ya sa gurabensa ba su da yawa. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin ana ta matsa wa jami'o'i lamba su ƙara ɗiba, alhali cunkoso shi ne babban abin da ke kashe wannan karatu.

Amincewa iri biyu ake bukata, kuma ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya. Ta farko ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce, NUC. Kafin jami'a ta buɗe sashen, sai hukumar ta turo mutanenta sun ga malamai da ɗakuna da kayan aiki. Bayan karatu ya kankama sai a dawo tantancewa. Sashen da ya ci maki 70 cikin ɗari ko fiye, kuma bai gaza a manyan ɓangarori ba, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 ana ba shi ta wucin gadi, shekara 2, ya gyara kurakuransa. Wanda ya faɗi ƙasa da haka an hana shi ke nan, ba shi da ikon ɗaukar sababbin ɗalibai. Ta biyu kuwa ta ARCON ce, majalisar da dokar soja mai lamba 10 ta shekarar 1969 ta kafa don yi wa masu wannan sana'a rajista. Ita ce doka ta ɗora wa tantance irin ilimin da mutum zai samu kafin a kira shi akitek a Najeriya. To, jami'a tana iya zama halastacciya, digirinta ya kai yaro bautar ƙasa, amma idan ARCON ba ta amince da sashen ba, ranar neman rajista ce za a gane an yi asara.

A Arewa, uwar wannan karatu ita ce Zariya. An fara shi a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. A nan gida muna da sashen a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980. Akwai shi a Jami'ar Jos, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna. Sai dai kada kowa ya dogara da tsohon suna. Amincewa tana da wa'adi, tana ƙarewa, ana sabunta ta ko a janye. Matsayin sashe na bana shi ne abin tambaya, ba na shekara goma da suka wuce ba.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne digirin farko kaɗai ba ya mai da mutum akitek. A jami'o'i irin su Zariya digirin farko shekara 4 ne, a jami'o'in fasaha irin tamu ta Bauchi kuwa 5 ne, har da wata shida na koyon aiki a ofis ko wurin gini. Daga nan sai digiri na biyu, wanda kan ci kusan shekara 2, kuma shi ne ainihin shaidar sana'ar. Sai bautar ƙasa, sai aƙalla shekara 2 na aiki a ƙarƙashin akitek mai rajista, ana rubuta abin da aka yi a littafin aiki yana sa hannu, sannan jarrabawar ƙwarewa. Wanda ya haye duk wannan shi ke samun lamba da hatimin da ake bugawa a kan fulan kafin hukumar raya birane ta ba da izinin gini. Idan aka haɗa, shekara tara zuwa goma ce, in ba a yi yajin aiki ba. Uban da ya yi tanadin shekara huɗu kawai, ya san rabin hanya ya tanada.

Hanyar kwalejin kimiyya da fasaha daban ce. Can hukumar NBTE da ke Kaduna ke tantancewa, kuma abin da ake koyarwa, kamar yadda ake yi a Kwalejin Tarayya ta Bauchi da ke Gwallameji, fasahar zanen gini ce: ƙaramar difloma shekara 2, shekara guda ta koyon aiki, babbar difloma shekara 2. Masu wannan shaida su ne ƙashin bayan kowane ofishin zane, su ke fitar da zanen da magini zai riƙe a hannu. Wanda yake son kaiwa ga hatimi daga cikinsu sai ya koma jami'a, ko dai ya shiga aji biyu da ƙaramar diflomarsa idan sakamakon ya yi kyau, ko ya bi ta diflomar gaba da digiri zuwa digiri na biyu.

Wurin shiga ma ana yawan tuntuɓe. Ana bukatar kiredit 5, dole a cikinsu akwai Turanci da Lissafi da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma sai an haɗa da Lissafi da Fiziks. Yaro mai hannun zane wanda ya guje wa Fiziks tun ajin farko na babbar sakandare ya rufe wa kansa ƙofa, ko da makinsa ya kai ko'ina. Malaman da ke ba yara shawara a makarantunmu su riƙa faɗin wannan tun da wuri, kafin a raba aji.

Yanzu ga batun gurabe. Ma'aunin NUC na fannonin muhalli ya daɗe yana kan malami 1 ga ɗalibai 15. Ba don ƙawa aka sa wannan adadi ba. Zuciyar karatun ita ce ɗakin zane, inda kowane ɗalibi ke da teburinsa da aikinsa, malami kuma yana bi tebur-tebur. Zai tsaya a kan takardar yaro, ya ɗora 'yar siririyar takarda mai nuna abin da ke ƙasa, ya bi da fensir. Ya ce masa matakalar benen nan ka yi kowane taki tsayin milimita 220, tsoho ba zai hau ba, sauko da shi tsakanin 150 da 175, faɗin wurin sa ƙafa kuma kada ya gaza 250. Ya nuna masa ya jera manyan tagogi suna kallon yamma, a gari irin Gombe inda ranar la'asar a watan Afrilu za ta mai da ɗakin abin da ba ya zaunuwa. Ya tambaye shi falo mai faɗin mita 8 babu ginshiƙi babu bim, me zai riƙe dekin? Ya tambaye shi ta ina baƙo namiji zai shiga bai ratsa cikin gida ba, tunda ya manta da aikin da zaure ke yi. Irin wannan gyara ba ya yiwuwa da lasifika a babban zauren lacca. Kowane yaro da irin kuskurensa, kuma sai an gani a takardarsa.

A yi lissafi. Zaman ɗakin zane na awa 4 minti 240 ne. Idan kowane ɗalibi zai samu minti 15, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi amfani, malami ɗaya zai ga mutum 16. Idan aka zuba ɗalibai 90 a aji mai malamai biyu, kowa zai tashi da kusan minti 5, wanda bai isa a warware takarda a fahimci abin da ke ciki ba. Haka wuri. Teburin da zai ɗauki takardar A1, mai milimita 594 da 841, tare da kujera da hanyar wucewa, yana cin kusan murabba'in mita 3. Ɗaki mai mita 10 da 15 ba zai wuce mutum 50 ba, kafin ma a cire wurin akwatunan ajiya da bangon da ake manna zane. Kuma kowane aji nasa ɗakin yake bukata, domin aikin zane ba a naɗe shi don wani aji ya shigo. Makonni yake yi a shimfiɗe, ɗalibai na kwana a kansa.

Idan aka wuce wannan iyaka, abin da ke biyo baya sananne ne. Waɗanda ba su samu tebur ba sai su koma zane a ɗakin kwana, inda babu malami babu na gaba da su da zai duba. Daga nan kwafe ke farawa, har a kai ga biyan wani a gari ya zana. Kwamfuta ta ƙara rufe asirin, domin hoto mai sheƙi yana fitowa daga manhaja ko da mai shi bai san yadda rufi ke zama a kan bango ba. Ranar kare zane, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya tsaya gaban malamai da ƙwararru na waje ya amsa tambayoyi, sai ta koma duba-ka-wuce. Fita awon tsofaffin gine-gine, irin ginin shahararren maginin gargajiya Babban Gwani da ke Kafin Madaki inda yaro zai ga yadda aka ɗaure azara aka tayar da bakan gizo, takan gagara saboda babu motar da za ta kwashi ajin. Sannan a zo ƙofar digiri na biyu, inda gurabe suka fi ƙaranci saboda kowane ɗalibi sai da malamin da zai duba aikinsa shi kaɗai. Nan ake barin mutane da yawa da rabin sana'a, su shiga gari suna zana gidaje suna neman mai hatimi ya buga musu. Gidajen nan kuwa mu da 'ya'yanmu ne ke kwana a ciki.

Na san hujjar masu neman a ƙara ɗiba, kuma ba ta banza ba ce. Jihohinmu biyu suna cikin waɗanda aka lissafa a baya wajen ilimi, shi ya sa a tsarin jami'o'in tarayya ake ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga irin jihohinmu. Muna bukatar ƙwararru 'yan gida da suka san zaizayar ƙasar Gombe da iskar farkon damina mai yaye kwano. Amma maganin ƙarancin gurbi shi ne a gina ɗakin zane a ɗauki malamai, ba a cusa yara a wanda ake da shi ba. Takardun alfarma da ke zuwa wa shugabannin sashe daga manya a lokacin ɗiba, kowace ɗaya minti ne ake zarewa daga rabon wani yaro.

Don haka ina kira ga kowace makaranta mai wannan sashe ta riƙa bayyana abu huɗu a fili kafin a fara sayar da fom: matsayinta a wurin NUC ko NBTE da ARCON da ranar ƙarewarsa, yawan malaman zane na dindindin, yawan tebura a kowane aji, da yawan waɗanda za ta iya ɗauka a digiri na biyu. Masu zuwa tantancewa kuma su riƙa neman takardar albashi da jadawalin darasi, saboda ɗabi'ar aron malamai da kayan aiki na kwana uku ba ɓoyayyiya ba ce. Idan kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya zo, a tuna da ɗakin zane mai wutar sola da ɗakin haɗa samfurin gini, ba zauren lacca kaɗai ba. Hukumomin tallafin karatu na Bauchi da Gombe su san cewa ɗalibin wannan fanni yana kashe kuɗi a takarda da kwali da buga zane da kwamfuta mai ƙarfi fiye da yawancin takwarorinsa, kuma tallafin da ya tsaya a digirin farko bai kai shi gaci ba. Tsarin manhajar karatu da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya ware zanen gine-gine a matsayin fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsara cikin gida da tsara harabar waje. Wannan zai iya rage cunkoso, amma sai an gaya wa yaro tun ranar shiga ko reshen da ya zaɓa yana kaiwa ga hatimin akitek ko ba ya kaiwa.

Iyaye kuma, kafin ku biya ko sisi, ku je sashen da ƙafarku ku leƙa ɗakin zanen 'yan aji biyu, ku ƙirga tebura, ku tambayi yawan 'yan ajin. Kada ku karɓi gurbin da bai fito ta manhajar CAPS ta JAMB ba, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba a tura shi bautar ƙasa. Masu niyyar kai yaro waje su fara tuntuɓar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ARCON a kan makarantar, su tuna cewa a watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, abin ya rutsa har da waɗanda suka riga suka biya kuɗin shekaru.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai zanen gine-gine,
Yelwa, Bauchi.