A duba bishiyoyin, ba dabbobin kawai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina son jan hankalin masu karatu kan abin da ya faru a tsibirin Newfoundland na Kanada. A 1904 aka kai wurin mus guda huɗu, wato ƙatuwar dabbar nan ta dangin barewa mai faffaɗan ƙaho. Kyarketan tsibirin, waɗanda za su iya cin mus, sun ƙare, sai mus ɗin suka hayayyafa har suka haura 100,000.

Mus ba ya kayar da bishiya. Kan ƙaramar bishiya yake gatsa, musamman ta fir, wata bishiyar ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura, duk hunturu, sai ta daɗe ba ta wuce gwiwa ba. Tsofaffin na mutuwa, babu magada, daji na komawa fili.

Masu kula da Gros Morne da Terra Nova, gandayen daji biyu na gwamnati a tsibirin, sun gane haka ne ta hanyar killace ƙananan wurare da shinge. Ciki bishiyoyi sun yi cunkus, taku ɗaya a waje kuwa ciyawa ce. A 2011 suka ba da izinin farautar mus cikin gandayen. Wasu sun yi ƙorafi, amma ni ina ganin shingen ya riga ya yanke hukunci.

Naku,
Wani mai karatu