Wasiƙa Zuwa ga Ƙanena Kan Bin Sawun Kaka da Ya Tafi Yaƙin Bama

Landan, Ingila

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ya ƙarfin jikin Baba da Gwaggo?

Maganar marigayi Kaka ce, mahaifin Baba, wanda ya tafi yaƙin ƙasar Bama (Burma), a Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙuruciyarsa bai dawo ba. Abin da ke bakin tsofaffi yana wajenka, takardun Turawa suna wajena, amma nawa aikin ba zai motsa ba sai ka samo abu uku: sunan da ya shiga soja da shi, lambarsa ta soja, da lokacin da labarin rasuwar ya iso gida.

Kafin ka tambayi kowa, ka sami Kawu ka faɗa masa a fili cewa tarihi muke nema, ba gona ba. Kaka ya rasu mahaifinsa yana raye, kuma a fiƙihun Malikiyya jika ba ya gadon kakansa in kakan yana da 'ya'ya maza a raye. Duk wanda ya ji ana tono sunan mamacin, gado zai fara zuwa masa a rai, sai bakuna su rufe.

Ka fara da Gwaggo, ita kaɗai, da hantsi. Kada ka tara tsofaffin wuri guda, don in babba ya faɗi magana ƙarami ba zai musa ba, sai ka tashi da ruwaya ɗaya alhali uku ne. Ka kashe layin wayar kada kira ya katse ɗaukar murya, ka fara da faɗin kwanan wata da wanda ke magana. Minti 30 zuwa 40 ya ishi tsohuwa. Bayan kwana biyu ka koma, don abin da ya kwanta a rai sai an tashe shi yake dawowa.

Kada ka ce mata "wace shekara?" Za ta ba ka lamba don kada ta ba ka kunya. Ka tambaye ta: an yi yunwar 'Yar Gusau kafin ya tafi ko bayan nan? Wannan wajajen 1942 ne. Da saƙon ya zo, Sarkin Katsina Dikko yana raye, ko an naɗa Usman Nagogo? Dikko ya rasu a 1944. Da damina ne ko da kaka? Baba yana goye ko an yaye shi? Wa ya kawo labarin, dagaci ko wani sojan da ya dawo? Mafi yawansu a 1946 suka dawo, to in abokin tafiyarsa ne ya kawo, rasuwar tana iya riga labarin da shekara ɗaya ko biyu. Ka kuma bi dangin gidan da kakarmu ta sake aure bayan takaba, sau da yawa kayan mamaci can suke bin matarsa.

Suna shi ne inda aikin ya fi lalacewa. A gida alkunya ta ɓoye shi: matarsa ba ta faɗa, wanda aka mayar wa sunan kuma Abba ake ce masa. A bariki kuma magatakarda yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari a madadin na uba, kuma da kunnen Bature: Garba ya zama Garuba, Audu ya zama Awudu, Muhammadu ya zama Momadu. Wani ma da gangan yake ba da wani suna ko wani gari don kada iyaye su biyo shi. Saboda haka ka rubuto min duk sunan da aka taɓa kiran sa da shi, har laƙabi, da garin da aka ɗauke shi.

Lamba ce ke raba gardama, don masu suna ɗaya daga gari ɗaya suna da yawa. Ta sojan Najeriya takan fara da NA. Ka duba adakar Gwaggo da gafakar Alƙur'anin gidan, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. In ka ga shekarar Hijira, 1363 ta yi daidai da 1944, 1364 kuma mafi yawanta 1945 ce. Tauraron tagulla na Bama, wato lambar yabon yaƙin, in an samu, a adana shi, amma kada ka sa rai da shi: ba a buga suna a jikin irinsa ba.

Takarda kuwa, ka ɗauki hotonta a shimfiɗe, a inuwa da rana, ba fitilar waya, gaba da baya. Ka turo ta WhatsApp a matsayin fayil, don in ka turo a hoto yana matse ta ƙananan lambobi su dushe. Kada a liƙe ta da salatif, kada a kai ta a narka mata leda. Zafi da danƙo suna cin tawada.

Da lambar zan bincika rajistar hukumar CWGC mai kula da kaburburan yaƙi, wadda ke ba da ranar rasuwa da bataliya. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ta 82 ta biyo baya a 1944 ta shiga Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Wanda ba a san kabarinsa ba, sunansa yana jikin ginin tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin suna kusan 27,000. Wasu kuma an binne su a Chittagong ta Bangaladash. Littattafan aikin yau da kullum na bataliyoyi suna ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew a nan Landan, a jerin WO 172, sai dai sunayen hafsoshi suka fi kawowa, ƙananan sojoji adadinsu ake rubutawa. Za su dai nuna inda bataliyarsa take a ranar. Ka shirya wa Baba zuciya tun yanzu: zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da sojoji da yawa a dajin nan, ba lallai a fagen daga ya cika ba.

Na turo kuɗin mota da na goron Gwaggo. Ka je mata cikin makon nan, kada ka jira Sallah. A gaishe min da Baba da Inna da Kawu. Allah Ya jiƙan Kaka da rahama.

Naka,
Yayanka