Wane farin cikin ake aunawa?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na 20 ga Maris, Ranar Farin Ciki ta Duniya, inda kuka ce Finland ce kan gaba a jerin ƙasashen da suka fi farin ciki, matsayin da take riƙe da shi tun 2018. Ban musa ba, amma kun tsallake tambayar da ake yi wa mutane, alhali nan gizo ke saƙar.

Masu binciken Gallup, kamfanin da ke jin ra'ayin jama'a domin wannan jerin, cewa suke ka ɗauka ga tsani a gabanka, daga sifili zuwa 10, ƙololuwarsa ita ce rayuwa mafi kyau da za ka iya samu. Kana mataki na nawa? Wannan awon gamsuwa ne, ba na annashuwa ba. Shi ya sa a 2003, da mujallar New Scientist ta buga sakamakon wani binciken da ya tambayi mutane kai tsaye ko suna farin ciki, Najeriya ce ta zo ta ɗaya.

Gardamar ta girmi rediyo. Aristotal, masanin falsafar Girka na dā, bai yarda jin daɗi shi ne dacewa ba. A wurinsa sai an dubi rayuwar mutum gaba ɗaya da halayensa. Imam Gazali ya ɗora sa'ada kan sanin kai da sanin Allah. A 1978 kuma masanin halayyar ɗan Adam Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka suka gano waɗanda suka ci maƙudan kuɗi a caca ba su fi sauran jama'a farin ciki da wani abin kirki ba. Zuciya na saurin sabawa.

Mu ma ai mun rarrabe: farin ciki daban, kwanciyar hankali daban, rufin asiri daban. Na gwada tambayar tsanin a kan mai shayin unguwarmu, yana tsiyaya ruwan zafi daga wannan kofi zuwa wancan. Ya ce, “Alhamdulillahi.” Na matsa ya ba ni lamba. Ya ajiye kofin, ya ce, “Malam, kafin ko bayan na biya kuɗin makarantar yara?”

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu ƙoshi ke yi wa mai jin yunwa wa'azin wadatar zuci. Ƙasashen da ke saman tsanin nan suna da asibiti, da makaranta, da hukumar da aka amince da ita.

Don Allah in za ku sake shirin, ku haɗa masanin halayyar ɗan Adam da malamin addini a zama ɗaya, ku kuma buɗe mana layin waya.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya