Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Naveen Patnaik, tsohon babban ministan jihar Odisha

Ranka ya daɗe Naveen Babu (Babu laƙabin girmamawa ne a Indiya),

Gaisuwa da fatan alheri. Na san da wuya wannan rubutun ya iso teburinka, ko ya iso ma Hausa ce ba ji kake ba, amma ai kai ma shekara 24 ka yi kana mulkin Odisha yaren Odia bai zauna a bakinka ba, ana rubuta maka jawabi da baƙaƙen boko kana karantawa a daddafe jama'a kuma suna ta tafi, to ashe ba a nan take ba. Ni ɗaya ne daga cikin yaran Najeriya da suka yi karatu a Bhubaneswar, babban birnin jihar Odisha ta Indiya, lokacin kana kan kujera, kuma magana ɗaya ce ta kawo ni, maganar jam'iyyarka BJD (Biju Janata Dal) da yadda ka riƙe ta gam a hannunka har ta zama ba ta da kowa sai kai.

Don waɗanda ba su san ka ba, babban minista a Indiya shi ne mai riƙe da gwamnatin jiha. Kai kuma ba ɗan siyasa ba ne tun asali, har ka kai hamsin kana Delhi kana rubuce-rubucenka da zama cikin manyan mutane, sai da mahaifinka Biju Patnaik, wanda shi ma ya taɓa yin babban ministan Odisha, ya rasu a 1997 aka jawo ka ka tsaya a mazaɓar Aska, ƙarshen shekarar ka kafa jam'iyya da sunan tsohon, ka yi ministan ƙarafa da ma'adinai a gwamnatin tarayya ta firaminista Vajpayee, watan Maris na 2000 ka zama babban minista. Masu jawo ka sun ɗauka sun samu ɗan gata wanda za su riƙa juyawa. Ba su sani ba wallahi.

Ba zan ci haƙƙinka ba, abin da ka yi a kan guguwa ya isa a tuna da kai. A 1999 guguwar da ta bugi gaɓar Odisha ta kashe mutum kusan 10,000, kana hawa ka tarar da jiha cikin makoki. Hukumar kula da bala'o'i an kafa ta kafin ka zo, gaskiya ne, amma a zamaninka ta samu kuɗi da haƙora, aka gina mafaka ta siminti mai bene a ƙauyukan bakin teku, aka horar da 'yan sa kai. Da guguwar Phailin ta zo a 2013 an kwashe mutane kusan miliyan ɗaya, waɗanda suka mutu ba su kai ko kusa da na 1999 ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba. Ta Fani kuwa a watan Mayun 2019 da idona na gani, tun kafin iska ta taso saƙo ke ta shigowa waya babu ƙaƙƙautawa, mota da lasifika tana zagaya unguwa, an buɗe makarantu an zuba mutane ana raba musu busasshiyar shinkafar nan da ake dakawa ta baje da mazarƙwaila, tsofaffi suna gardama ba za su bar awakinsu ba 'yan sanda suna lallashi suna ɗora su a mota. Gari ya waye turakun wuta a kwance, bishiyoyi a kan titi, muka daɗe babu lantarki babu ruwan famfo, amma mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu aka kwashe, mamata kuma 64 a jihar. Wannan aiki ne ba surutu ba.

Ga shinkafa da ka mayar kilo rufi ɗaya (kuɗin Indiya) a 2013, ga kantunan Aahar inda lebura da ɗalibi irina ke cin shinkafa da dalma, miyar wake da kayan lambu, da rufi biyar, ga Mission Shakti da ka fara a 2001 wadda ta tara miliyoyin mata cikin ƙungiyoyin adashi da bashi, su ne ma suka riƙa ɗaga ka a akwati zaɓe bayan zaɓe. Ka ɗauki nauyin 'yan wasan hoki na ƙasa a 2018 lokacin da kowa idonsa na kan kurket. Duk na yarda.

To amma Babu, ina mutanen da ka raina? A nuna min mutum ɗaya a BJD wanda za a ce gobe in ba ka nan shi ne. Bijoy Mohapatra da shi aka kafa jam'iyyar, a 2000 aka janye masa tikiti ana daf da rufe karɓar takardu, ya rasa yadda zai yi. Pyarimohan Mohapatra shi ne kunnenka shi ne bakinka shekara da shekaru, da ya nemi yi maka juyin mulkin cikin gida a 2012 kana Landan ka dawo ka share shi, wannan kam shi ya ja wa kansa. Baijayant Panda aka dakatar a 2018, ya tattara ya koma BJP, jam'iyyar Narendra Modi. Duk wanda ya ɗan ɗago kai sai a danne, waɗanda suka rage suka koyi darasi suka yi shiru, minista guda ba ya iya ganinka sai ta hannun ma'aikacin gwamnati.

Nan ne V.K. Pandian ya shigo. Ni ban ga laifi ba don an haife shi a Tamil Nadu, yadda 'yan BJP suka riƙa yi masa gori da asalinsa a kamfen ɗin 2024 abin kunya ne, kuma matarsa ma 'yar Odisha ce. Laifin shi ne sakatarenka ne tun 2011, bai taɓa neman ƙuri'ar kowa ba, ya ajiye aiki a Oktoban 2023 washegari kusan aka ba shi muƙami mai darajar minista, ya shiga jam'iyya, sai ga shi shi ke yawo a helikwafta shi ke magana a dandamali, 'yan majalisar da suka ci zaɓe sau uku sau huɗu suna tsaye a bayansa. Har hoton bidiyon nan da ya kama hannunka yana rawa ya ɓoye shi, mutane suka ce to wai wa ke mulkin nan? Kai ka ba 'yan adawa sandar da suka doke ka da ita.

Sakamakon ka fi ni saninsa. BJP 78 cikin kujeru 147, ku 51, a majalisar tarayya ta Lok Sabha cikin 21 ko ɗaya ba ku samu ba, kai kanka cikin mazaɓu biyun da ka tsaya ka faɗi a Kantabanji ka tsira da Hinjili. Abin da ya fi ba ni takaici ƙuri'un majalisar jiha kusan kunnen doki kuka yi, wajen kashi 40 kowannenku, wato mutane ba gudunka suka yi ba. Ka je bikin rantsar da Mohan Charan Majhi, ɗan BJP da ya gaje ka, ka gaisa da kowa, na yaba da wannan dattakun.

Akwai kuma maganar tsayawa a tsakiya. A 2009 ka raba gari da BJP, abokiyar ƙawancenka a lokacin, bayan kashe-kashen gundumar Kandhamal na 2008 da aka yi wa Kiristoci, mutane suka ce madalla ga mai aƙida. Amma daga baya 'yan majalisarka suka goyi bayan dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 wadda ta ware musulmi, kuma a 2025 kan dokar waƙafi jam'iyya ta ce za ta ƙi, ranar ƙuri'a aka ce kowa ya bi zuciyarsa. Haba Babu! Lokacin kana gwamnati ana iya cewa lallaɓa Delhi kake don kuɗin jiha, yanzu kana adawa me ake lallaɓawa? Su ma matasan gundumomin Bolangir da Nuapada da har yau ke tafiya wasu jihohi aikin bulo saboda bashin 'yan kwangila suna buƙatar mai yi musu magana da ƙarfi a majalisa.

A 1946 aka haife ka, kowa ya yi lissafi, ba ka da mata ba ka da ɗa, ka sha faɗa cewa jama'ar Odisha ne za su zaɓi magajinka. To ta wace ƙofa za su zaɓa, tunda a Afrilun 2025 kai aka sake ba shugabancin jam'iyya karo na tara ba tare da abokin takara ba? Roƙona ka bari a yi zaɓen gaske a cikin BJD tun daga gunduma, a fafata a ji haushi a shirya kana raye kana kallo, ka fito da mutum biyu ko uku su riƙa jan 'yan adawa a zauren majalisa suna zaga ƙauyuka da sunan kansu. Zaɓen 2029 ba nisa, kuma BJP ba jiranka take ba, tun 2024 ta fara zare maka 'yan majalisar dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi a Bhubaneswar