Zuwa ga ɗana, kafin ka sa hannu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Nan Agege kowa lafiya, sai ƙafar Hajiya da ka sani.

Hoton lambar yabon ya iso, ƙannenka sun zaga da shi gida-gida, liman ma ya sa maka albarka bayan magariba. Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ba shi ya sa na sa a rubuta maka ba, kuma da gangan na ƙi kiran waya, don a waya ka iya kawar da zance.

Baffanka ya ce wani kamfani ya neme ka a kan bututan mansu, suna son rahoto cewa lafiyarsu ƙalau, wai kuɗin ya fi albashinka na shekara. Ya ce ba sai ka taka wurin ba, su za su kawo takardun awo, naka sa hannu kawai. Tun ranar barcina ya zama rabi da rabi.

Ni ban yi boko ba, amma da gwangwan na ciyar da ku, na san ƙarfe. Na sha sayen bututu fenti fes a waje, ana ɗora masa guduma ya burma, cikin duk gari. Kai da bakinka ka faɗa min dalili. Ka ce laima da iska ke taruwa su ci ƙarfe, gishiri ya ƙara musu sauri, shi ya sa kwanon rufin da zai tsufa a Kano ba ya kai labari a Legas. Ka ce rodin da ke cikin kankare in ya yi tsatsa kumbura yake yi har ya tsaga siminti, abin da ake tsoro ke nan a ƙafafun gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, tana tsaye cikin ruwa mai gishiri. Ka ce ana liƙa wa bututu guntun tutiya don tsatsa ta cinye shi ta ƙyale ƙarfen, in ya ƙare ba a sake wani ba, ta dawo kan bututun. Duk na riƙe. Har ganyen darbejiya da shuwaka da kake sa ɗalibanka su tatsa, ku gwada ko ruwansu zai rage wa asid cin ƙarfe, Hajiya na dariya, ni ban taɓa rainawa ba. To mai wannan sani ne zai sa hannu a kan bututun da bai ɗora wa na'urar auna kauri ba?

Kana makaranta aka yi gobarar bututun mai ta Abule Egba a nan Legas, 26 ga Disamba 2006. Ni na je, na gani da idona. Mutum sama da 200, wasu ba a gane ko su waye ba. Na san masu satar mai ne suka huda wancan, na Ijegun a 2008 kuma motar aikin hanya ce ta fasa shi, kusa da makarantar yara. Amma wuta ba ruwanta da abin da ya huda bututu. Dubi layin bututun man da ya taso daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove a Legas zuwa ta Mosimi a jihar Ogun, ta bayan gidajen mutane yake bi. In irinsa ya fashe da sunanka a takarda, mai kamfani zai hau jirgi, kai za a nuna da yatsa. Ba ma kotun nake ji ba. Rayukan nake ji, da ranar da za a tambaye ka su.

Na san me za ka ce: yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata 8 ba albashi, ga haya, ga abokanka sun tafi Kanada da Saudiyya. Na ji. Amma ranar da 'yan'uwana suka ce in zaunar da kai a rumfa, na sayar da filin nan na bar ka a makaranta, ban yi don ka zama hatimin kowa ba. Kuma me ya hana ka faɗa min da kanka, sai a bakin baffanka zan ji? Ko tun da aka fara kiranka Dakta, tsohon ɗan gwangwan bai isa a yi shawara da shi ba?

Ban ce ka riga ka karɓa ba, na san halinka tun kana ƙarami. In aikin na gaskiya ne, je da ƙafarka, ka auna, ka rubuta abin da ka gani, su biya ka halaliyarka. In kuɗin makarantar yara ne ya matse ka, ina da ɗan abin da na ajiye. Ka zo Juma'a bayan masallaci da takardun da suka ba ka, ka karanta min su. Hajiya ta ce a taho mata da yaran.

Mahaifinka,
Agege