Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Ruwa da Magudanu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da 'yan'uwa matasa, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi kuwa, shiga da fita, ma'aji zai karanta shi daban tare da rasitai.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu bana shi ne raba bututun famfo da kwata. Tun farkon rani muka bi lungu-lungu da mai gyaran famfo, muna duba yadda kowane gida ya jawo ruwa daga babban layi, kuma abin da muka gani ya tayar mana da hankali. A lungun bayan masallaci mun tarar da bututun roba kwance tsamo-tsamo cikin baƙin ruwan kwata, an naɗe inda ya tsage da tsohuwar robar keke, ruwan wanke-wanke da na makewayi suna bi ta kansa. Mai gidan ya ce ai yoyon ba shi da yawa. Nan mai gyaran ya yi masa bayanin da muke so kowa ya riƙe: muddin akwai ruwa a layi, ƙarfinsa ne ke turo shi waje ta tsagar, amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwata ciki. Shi ne ruwan farkon nan mai wari da ke zubowa idan famfo ya dawo, wanda yara ke rige-rigen tarba da jarkoki. Duk wanda ya ga yadda amai da gudawa ta kwantar da mutane a Kano a 2021 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ruwan famfon nan fa daga nesa yake. Wani daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake gangarowa ta kogin Kano zuwa matatar Tamburawa, inda sabon ɓangaren kaɗai aka gina shi don tace lita miliyan 150 a rana. Wani kuma daga matatar Challawa, wadda ke shayar da birni tun shekarun 1930. An sa masa alif, an sa masa magani, an turo shi tafiyar kilomitoci, sai ya zo taku goma da ƙofar gida mu gurɓata shi da hannunmu. Wannan ne ya fi yi mana ciwo.

Sai muka ciro bututan, muka bi da su jikin katanga, inda kuma dole su tsallaka kwata muka zura su cikin bututun ƙarfe mai faɗi, sama da inda ruwa ke kaiwa. Kowane gida ya sayi kayan aiki, ƙungiya ta biya lada, gidajen marayu da na marasa ƙarfi kuwa an ɗauke musu duka. Wasu sun fara turjewa, Mai Unguwa ya sa baki suka amince, Allah Ya ƙara masa girma. Lungu ɗaya ne ya rage.

A bakin titi, ɗan kwangilar da ya haƙa ramin shimfiɗa babban bututu ya bar shi a buɗe makonni, har wata tsohuwa ta faɗa ta gurɗe ƙafa. Mun ɗora katako a mashigar lunguna, mun yi ta sintiri har aka cike ramin.

Yasar kwata mun yi ta kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, sannan babban aikin gayya gab da faɗuwar damina. Ledar fiya wata, robobin lemo, yashi, har tsohuwar katifa aka zaƙulo daga ƙarƙashin kwalbati. A nan mun yi kuskure, kuma laifinmu ne mu 'yan kwamiti: mun jibge ƙazantar a gefe muna jira ta bushe, ruwan farko ya zo da dare ya mayar da ita inda ta fito. Daga ranar ba ma fara yasa sai motar kwashewa tana tsaye. Da ruwan Agusta ya zo, ya wuce abinsa bai shiga zaure ko ɗaya a babban layin unguwa ba, alhamdu lillahi. Amma hankalinmu bai kwanta ba, don kududdufin da ke shanye ruwan unguwa a da an cike shi an yi gini, kuma ba mu manta da yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ba.

Saura maganar da ba a son faɗa. Akwai gidajen da ke sakin ruwan sokawe cikin kwata idan ana ruwan sama da dare. Ruwan unguwarmu cikin rafin Jakara yake faɗawa, babu inda ake tace shi a hanya, har ya kai madatsar Wasai a Minjibir, kuma da shi masu lambu a gefen rafin ke ban ruwan latas da alayyahun da muke saya a kasuwa. Ba mu kira sunan kowa ba, amma liman ya yi nasiha a kai, mun kuma samo mai motar kwasar masai da zai yi ragi idan gidaje suka haɗu.

A shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ƙarasa lungun da ya rage, mu zuba murfin kankare a kwatar ƙofar makarantar Islamiyya inda yara ke tsallakawa. Gayya ta gaba Asabar ɗin ƙarshen wannan wata ce, da ƙarfe 7 na safe. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya turo baro, safar hannu da takalman roba suna wajen sakatare.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti