A bambanta kuɗin da aka ware da kuɗin da aka kashe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu fassara labaran kasafin kuɗi game da kalmar Ingilishi expenditure, domin yadda ake juya ta zuwa Hausa yana rikita jama'a.

Asalin kalmar daga Latin yake, daga aikatau mai nufin auna abu a sikeli domin biya. Ma'anarta kuɗin da ke fita daga aljihu ko baitulmali, wato kishiyar kuɗin shiga, kuma babu yabo ko zargi a cikinta. Saboda haka wanda ya fassara ta da "ɓarnatarwa" ya sa wa takarda abin da ba ta faɗa ba. Kalma ce ta ofis da littafin akanta, masu harshen ma ba su cika faɗinta a kasuwa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kasafi. Sashe na 81 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya gabatar wa Majalisar Tarayya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa, kuma abin da majalisa ke bayarwa izini ne kawai na fitar da kuɗin. Naira tiriliyan 54.99 na kasafin 2025 ƙiyasi ne. Ko a kasafin 2024 sai da majalisa ta tsawaita wa'adin aiwatar da manyan ayyuka zuwa cikin 2025, saboda ba a kammala su a kan kari ba. Manomin da ya ji a rediyo cewa "an kashe" biliyoyi a kan hanyar garinsu, alhali da safe ya tura babur ɗinsa cikin taɓon hanyar nan, zai yanke cewa ɗan kwangila ya cinye, ko da kuwa ba a saki ko kwabo ba. A ganina wannan zalunci ne ga mai sauraro, domin an hana shi sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ina ba da shawarar a riƙa cewa "an ware" idan kasafi ake nufi, "an saki" idan kuɗin sun isa ma'aikata, a bar "an kashe" sai an biya. A kuma fayyace ko kuɗin albashi da hidimar yau da kullum ne ko na manyan ayyuka.

Naku,
Wani malamin sakandare, Zariya